Gibin Miliyan Huɗu da Rabi

Litinin, 8 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Lissafi bai yi balas ba.

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da littattafan ƙungiyarmu ta manoman gahawa, ban taɓa rubuta wannan maganar ba. Duk ƙarshen shekara nakan kwashe abin da ya rage a kowane shafi na babban littafi, in jera a takardar gwaji, na hagu a hagu, na dama a dama, in ja layi, in haɗa. Su zo daidai, in sa hannu: Sudarmaji. Yau na ja layi na haɗa, sai hagu ya ɗara dama da rupiya miliyan huɗu da dubu ɗari biyar.

Na haɗa daga sama zuwa ƙasa. Na haɗa daga ƙasa zuwa sama. Na canja batirin kalkuleta. Yana nan.

Nuryati, kashiyarmu, ta kawo mini shayi da soyayyen rogo. Pak Dar take ce mini, wato Malam Dar. Ta ɗan leƙa takardar ta ce, "Pak Dar, in ɗauko rasidan Disamba mu bi su tare? Ku kuna duba littafi, ni ina karantowa."

Na ce, "Tun kina goye nake wannan aikin, Nur. Je ki ji da akwatinki."

Babban taron shekara ranar Asabar ne, 27 ga wata. Mutum ɗari biyu da sha huɗu za su zauna su ji rabonsu.

Talata, 9 ga Janairu, bayan la'asar

Na bi duk dabarun da na koya wa mutane. In gibi ya rabu biyu, a nemi kuɗin da aka rubuta a gefen da ba nasa ba. Na raba, na nemi miliyan biyu da dubu ɗari biyu da hamsin. Babu. In ya rabu tara cif, to an juya lamba, ta gaba ta koma baya. Ya rabu tara. Na bi shafi shafi da rula, sau uku. Ban ga komai ba.

Ruwa tun safe. Ko dutsen Sumbing ba a gani.

Laraba, 10 ga Janairu, da azahar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Pak Haji Kasturi, shugaban ƙungiya, ya shigo da raharsa. "Dar, me na ji? An ce ma'auninka ya karkace? Ai sai mu jira rana ta fito daga yamma." Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ce a buɗe akwatin ƙarfe a ƙirga a gabansa.

Nur ta ƙirga, na ƙirga, shi ma ya ƙirga. Abin da ke cikin akwati ya gaza abin da littafina ya ce da miliyan huɗu da dubu ɗari biyar. Cif. Ko rupiya ɗaya ba ta kauce ba.

Makullin akwati guda ɗaya ne, kuma ba a hannuna yake ba.

Alhamis, 11 ga Janairu, bayan magariba

Kwamiti ya zauna, mu bakwai. Aka kira Nur. Ta ce ba ta ɗauki komai ba. Pak Haji ya ce to ina kuɗin suka shiga, ko ɓera ya fara cin rupiya? Sai ta ce, "A duba babban littafi, Pak Haji. A haɗa shi da rasidai."

Biyu daga cikinsu suka yi dariya. Pak Haji ya juyo ya ce, "Dar, ka ji. Littafinka ake tuhuma."

Na ce, "Littafina ba ya ƙarya."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce ta yi sata ba. Ina so ya zauna a rubuce cewa ban ce ba.

An dakatar da ita. An ba ta zuwa ranar taro ta kawo kuɗin, in ba haka ba a kai magana gaban 'yan sanda. Ta ciro makulli daga wuyanta ta ajiye a kan tebur. Ta kalle ni. Ba zan rubuta irin kallon ba.

Ni na kawo ta aikin nan shekara tara da suka wuce, bayan motar itace ta kife da mijinta. Ni na tsaya mata. Ni.

Juma'a, 12 ga Janairu, da safe

Ban iya cin komai ba.

Lahadi, 14 ga Janairu, da hantsi

Matata Wartini ta dawo daga kasuwa ta dangwarar da kwando. Ta ce duk rumfar masu tempe, wainar waken soya, maganar ake yi, har an ce Nur ta sayi fili a Parakan. An ce wa 'yarta a makaranta ta riƙe jakarta da kyau kada ta ɗauki ta wani.

Ta ce, "Pak, ka tabbata?"

Na ce, "Bu, uwargida, ke kin san kuɗin albasa, ni na san littafi."

Ta ce, "To, mai littafi. Ina ka ajiye tabaraunka?"

Ban ga abin da ya haɗa wannan da wancan ba. A cikin tukunyar shinkafa ta same shi. Wani ne ya sa shi a can, ba ni ba.

Talata, 16 ga Janairu, da yamma

Yayan Nur ya zo ofis da miliyan uku a ƙulle cikin leda. Sun sayar da babur ɗin marigayi mijinta, wanda take kai yara makaranta da shi. Ya ce sauran suna nema, kada a kira 'yan sanda, tsohuwarsu ba za ta iya ɗauka ba. Ni na rubuta masa rasit. Bai karɓa daga hannuna ba, sai da na ajiye a kan tebur.

Pak Haji ya ce, "Ka gani? Wanda bai ci ba ai ba ya amayarwa."

Na ce haka ne. Amma ko an cika akwatin, takardar gwajina tana nan a karkace. Wannan ya tsaya mini a rai, ban san dalili ba.

Laraba, 17 ga Janairu, bayan la'asar

Wartini ta matsa mini na kawo littafin da rasidan Disamba gida. Ta shimfiɗa tabarma a baranda ta ce, "Ni zan karanto, kai ka duba. In na yi kuskure ka ce 'yar albasa ce."

Ta karanto, ina cewa daidai. Ta karanto, ina cewa daidai. Ta zo kan rasit na 12 ga Disamba, kuɗin taki da rukunin manoman gangare suka biya. "Miliyan biyu da dubu ɗari biyar."

Na ce, "Daidai."

Ba ta ci gaba ba. Ta matso ta ɗora yatsa a kan layin. "Pak. Nan biyar ce a gaba."

5.200.000. A rasit 2.500.000. A shafin manoman na rubuta daidai, a shafin kuɗin akwati na juya su. Miliyan biyu da dubu ɗari bakwai da ba su taɓa shiga akwati ba, ni na zuba su da biro.

Sau uku na bi layin nan da rula.

Hannuna ne. Biyar ɗina ce mai doguwar hula. Hannuna ne.

Alhamis, 18 ga Janairu, ƙarfe bakwai na safe

Na gano! Rasit na 12 ga Disamba, kuɗin taki. An juya lamba, biyar ta zo gaban biyu. Yanzu na gani da idona. Bari in kira Wartini in nuna mata, za ta sha mamaki.

Alhamis, ƙarfe tara

Na nuna mata. Sai ta ɗauki littafin nan da nake rubutu a ciki ta buɗe mini shafin jiya ta koma kicin.

Na karanta.

Na daɗe a zaune.

Alhamis, bayan azahar

Mun sami na biyun. Sauran gibin miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Rabinsa dubu ɗari tara. Kuɗin gyaran injin casa, 19 ga Disamba. Kuɗi ne da ya fita daga akwati, na rubuta shi a gefen shiga. Maimakon ya rage sai ya ƙara, ya zama ninki. Biyu da bakwai, ɗaya da takwas: huɗu da rabi. Babu kuɗin da ya ɓata. Ba a taɓa samun su ba balle su ɓata.

Ga abin da ya fi kashe mini jiki. Sata ba ta karkata takardar gwaji. Ɓarawo zai iya yashe akwati tas, hagu da dama su zo daidai abinsu, domin hannunsa a akwati yake, ba a littafi ba. In takarda ta karkace, mai biro za a tambaya. Wannan shi ne darasi na farko da nake koya wa duk wanda ya zauna kusa da ni. Na koya wa Nur a makonta na farko.

Tana tsaye a gaban kwamiti tana gaya mini darasina, ni kuwa ina kallonta.

Juma'a, 19 ga Janairu, da yamma

Na je gidan Nur bayan masallaci. Da ƙafa, ban so a ji ƙarar babur ɗina a ƙofarsu. Na same ta a tsakar gida tana tsince gahawa a faifai, aikin da take yi wa maƙwabta yanzu ana biyanta da kilo. Ba ta tashi ba. Ba ta ce in zauna ba.

Na gaya mata duka. Na ce, "Nur, kuskure biyu a shekara talatin da ɗaya, kuma sai suka faɗo a kanki."

Ta ajiye faifan, ta shiga ɗaki, ta fito da littafin 'yan makaranta mai shuɗin bango.

"Sittin da uku, Pak."

Ban gane ba.

"Sittin da uku tun watan Maris. Da waɗannan biyun sittin da biyar."

Na buɗe. Kwanan wata, lambar shafi, abin da na rubuta, abin da ya kamata. Duk Juma'a in na tafi masallaci sai ta ɗauko babban littafi ta bi bayana. Wanda za a iya gyarawa da ɗan layi ta gyara, tana kwaikwayon rubutuna. Wanda ba ya gyaruwa sai ta kawo mini rasit ranar Litinin ta ce ita ce ta manta ba ta ba ni ba, in yi mata faɗa, in gyara da kaina. Na tuna faɗan. Na ce mata kanta kamar rariya. A Disamba ɗanta ya kwanta asibiti da zazzaɓin sauro, Juma'a biyu ba ta zo ba.

Na ce, "Don me ba ki nuna wa kwamiti wannan ba?"

Ta ce, "In nuna musu me? In ce Pak Dar ya—" Ba ta ƙarasa ba. "Na ɗauka za ku duba. Na ce ko kwana biyu ne za ku duba ku gani. Har kwana takwas, Pak."

"Wa ya sani?"

"Bu Wartini. Ita ta roƙe ni in riƙa dubawa."

Ban san yadda na dawo gida ba. Wannan ba salon magana ba ne. Na tsinci kaina a bakin gadar kasuwa, wani mai keken haya yana tambayata ina za ni.

Asabar, 20 ga Janairu, da safe

Sittin da biyar.

Asabar, da yamma

Na tambayi Wartini. Ta ce tun ranar da na biya kuɗin wuta sau biyu na kuma yi rantsuwa ban biya ba. Ta ce ta yi ta neman bakin da za ta faɗa mini ba ta samu ba. Ta ce ranar da aka dakatar da Nur ta so ta tafi wurin Pak Haji, har ta ɗaura ɗankwali, sai ta kasa. Tana magana tana yanka barkono, ba ta ɗago ba.

Wata goma mata biyu suna tafe a bayana suna share sawuna, ni ina gaba ina taƙama.

Litinin, 22 ga Janairu, bayan la'asar

'Yarmu Endah ta zo daga Semarang ta kai ni wurin wani likita. Yaro ne, bai kai shekarun littafina ba. Ya faɗi kalmomi uku ya ce in riƙe, zai tambaye ni an jima. Ya ce in cire bakwai daga ɗari, in ci gaba da cirewa. Ni! Na ce masa, "Likita, wannan sana'ata ce." Casa'in da uku. Tamanin da shida.

Ya ce in zana agogo.

Ya yi magana da Endah a waje. A mota ta riƙe mini hannu kamar ni ne ɗan. An ba ni ƙwayoyi. Za mu koma bayan wata ɗaya.

Kalmomin ukun, ɗaya kujera ce.

Laraba, 24 ga Janairu, da hantsi

Na kai wa Pak Haji littattafan har gidansa. Ya saurara har ƙarshe, sigarinsa ya cinye a hannunsa bai zuƙa ba. Ya ce, "Astagfirullah, Dar." Ya faɗa ya fi sau biyar.

Can ya ce, "Ji nan. Mun yi makaranta tare, ba zan bari a yi maka dariya a gari ba. Za mu ce an sami kuɗin a wata ambulan a bayan durowa. A mayar mata da aikinta, a mayar mata da miliyan ukunta. Kai kuma bayan taro ka ce hawan jini ya dame ka, mu yi maka walima, mu ba ka agogon bango. Kowa ya tsira da mutuncinsa."

Na ce, "In an ce a bayan durowa aka samu, wa ya jefa su can?"

Ya ce, "Wa zai tambaya?"

"Masu tempe. Za su ce ta ji tsoron 'yan sanda ta dawo da su."

Ya ce, "To sai me? Magana ce, kwana arba'in ta mutu."

Gaskiya na so in ce to. Har ƙofar gida ina so in juya in ce to.

Alhamis, 25 ga Janairu, da yamma

Na yi gyaran. Ban goge ba, ban kankare ba, ba a yin haka. Na buɗe sabon layi a littafin gyara: rage miliyan biyu da dubu ɗari bakwai daga kuɗin akwati, dalili, an juya lamba. Rage miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, dalili, an rubuta a gefen da ba nasa ba. A wurin sunan wanda ya yi kuskure na rubuta nawa. Wartini ta duba kowace lamba kafin in ɗaga biro.

Hagu da dama sun zo daidai. Da can in sun zo daidai nakan ji kamar an sauke mini buhu. Yau ban ji komai ba.

Na rubuta abin da zan faɗa a takarda da manyan baƙaƙe, kada ya kuɓuce mini.

Asabar, 27 ga Janairu, bayan la'asar

An yi taro a zauren ƙauye. An raba shinkafa a ganye, an yi addu'a. Pak Haji ya kira ni in karanta lissafi, yana ƙyafta mini ido. Nur tana can baya kusa da ƙofa da yayanta.

Na karanta takardata. Na ce ba a saci ko rupiya ɗaya ba. Na ce kuskuren nawa ne, na faɗi shafi da rana. Na ce ba biyu ba ne, sittin da biyar ne, kuma matar da muka kora ita ta riƙe littafin nan tun Maris ba tare da an biya ta ba. Na ce ta nuna mana hanya a gaban kwamiti muka yi dariya. Na ce daga yau na ajiye biro.

Sai wani tsoho daga gangare, kurma ne, ya ɗaga murya ya ce, "To rabon namu yana nan ko babu?" Aka fashe da dariya. Allah ya saka masa, ya ba ni damar zama.

An zaɓi Nur ta riƙe littafi. An mayar musu da miliyan uku. Babur ɗin kuwa wanda ya saya ya riga ya wuce da shi Wonosobo.

A bakin ƙofa na ce mata, "Nur, ki yafe mini."

Ta ce, "Ba yau ba, Pak."

Lahadi, 28 ga Janairu, da safe

Mutane suna ta zuwa gaisuwa da ayaba da sukari, suna magana ƙasa-ƙasa kamar an yi rasuwa. Kowa cewa yake gajiya ce, in huta.

Talata, 30 ga Janairu, bayan azahar

Nur ta zo gida a motar haya, rungume da babban littafi a cikin leda saboda ruwa. Ta gaida Wartini. Ta zauna a bakin baranda, ba ta sha shayin ba.

Ta ce, "Pak Dar, na iya bin sawu, amma ban iya rufe shekara ba. Ban san yadda ake rage darajar injin casa ba, ban san yadda ake fitar da rabon kowa ba. Ba ku taɓa bari na gani ba. Ga shi mutanen gunduma za su zo duba littafi a watan Maris."

Na ce, "Ai kin san halin da nake ciki. Me zan koya miki?"

Ta ce, "Na sani. Na riga kowa sani. Shi ya sa na zo yau ban bari sai wani watan ba. Ku koya mini tun kuna tunawa."

Wartini ta saki cokali. Endah ba ta faɗa mini haka ba, likita bai faɗa ba, Pak Haji bai faɗa ba. Na ji kamar an watsa mini ruwan rijiya. Sai kuma na ji numfashina ya sauka har ciki, karon farko tun ranar takwas ga wata.

Na ce, "Injin casa shekara goma muka yanka masa. Buɗe shafi na arba'in da biyu."

Ta buɗe. Shi ne.

Mun yi awa biyu. Sau ɗaya na maimaita abin da na riga na faɗa, ta ce, "Kun faɗa, Pak, mu je gaba," muka je gaba. Maganar yafiya ba ta taso ba, ni ma ban tayar ba.

Za ta dawo gobe ƙarfe bakwai. Na rubuta a tafin hannuna, na kuma gaya wa Wartini, ko da ruwan alwala zai wanke.